Motoci Biyu, Inuwa Ɗaya

Ranar Juma'a aka kawo ƙarar, liman bai daɗe da sallamewa ba. Sufeto Ahmudu ya dawo daga masallacin da ke jikin komisariyar 'yan sanda ke nan, ya cire takalmi, ya jawo kwanon shinkafa gabansa, sai ga ajan Mina, 'yar sandan da ke aiki a ƙarƙashinsa, a bakin ƙofa.

"Shef, mota ta buge wata tsohuwa a bayan kasuwa. Mutane sun kewaye direban."

"Ta cika?"

"Da ranta. An wuce da ita likita."

Ya rufe kwanon, ya mayar da takalminsa. Shi dai Ahmudu mutumin Tahoua ne, dogo, mai sanyin magana, ya daɗe a Arlit har yaran gari sun daina ce masa baƙo. Ba ya shan taba, ba ya cin goro. Abu ɗaya ne ya kama masa zuciya, wato petank, wasan nan na jefa ƙwallayen ƙarfe da Faransawan ma'adini suka bari a garin.

To, wanda bai zauna Arlit ba da wuya ya san darajar inuwa. A bayan kasuwar nan icce ɗaya ne tak, wani tsohon bedi, wato dogon yaro, inuwarsa kuwa mota ɗaya take ɗauka. Da su Sufeto suka iso, wata farar mota ce a ƙarƙashinsa, irin manyan nan na shiga sahara, da shingen ƙarfe a hancinta. Can gaba kuma ga wata irinta sak, sai dai ta fi ta tsufa, ta sa hanci a katanga. Tabarma a nannaɗe ƙarƙashin tayarta, cuku a warwatse cikin rairayi.

Direban tsohuwar motar yana tsugune a gindin katanga, rigarsa a yage. Wata mace ta tsaya a gabansa da ludayi a hannu, kamar da shi za ta tare gari guda.

"Wane ne?" in ji Sufeto.

"Mika ne, Kirista, mutumin Maraɗi, mai kai wa gidajen abinci gas," in ji Mina. "Waccan matarsa ce, Dorkas, mai tuwo a nan lungun."

Mutane suka yi ta magana lokaci guda. Suna cikin raka'a ta biyu suka ji ƙara, ba damar waiwaye. Da aka sallame suka fito, suka tarar da Mika zaune a kan sitiyari, Inna Fadimata mai cuku daga Gougaram kuma kwance a gefen taya.

"Duk unguwar nan shi kaɗai ne namijin da ba ya cikin sahu," in ji wani.

"Rashin sahu ba laifi ba ne a komisariya," in ji Sufeto. "Farar motar nan ta wa ce?"

Wani mai ƙiba ya matso, da rawani a kansa har gira. "Tawa ce, ranka ya daɗe. Muktari, ɗan Damagaram, mai jigilar kaya zuwa Dannet. Tun kafin kiran farko na ajiye ta a nan na shiga masallaci."

"Ƙarya ne," in ji Dorkas. "Motar maigidana ce a inuwar nan tun hantsi. Ni na ce masa ya sa ta can kada gas ya sha rana."

Aka yi mata caa. Wani ya ce to me matarsa za ta faɗa dama. Sufeto ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya dubi inuwar, ya dubi motocin biyu. Ya sa aka ja igiya a kewaye wurin, ya ce Muktari ya ɗauke motarsa, shi kuma ya tafi da Mika.

A komisariya aka ba Mika ruwa ya sha.

"Kai ka tuƙa motar?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ina wajen matata ina cin tuwo na ji ƙarar. Na fito na ga motata a kan Inna. Na shiga in ja da baya, ta ƙi tashi."

"Birkinta lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ka ja birkin hannu?"

"Na ja. Na kuma bar ta a giya."

Yana faɗa yana kallon ƙasa. Sufeto ya aiki Mina ta duba motar. Ba ta jima ba ta dawo tana goge hannu.

"Shef, birkin hannu ya daɗe da mutuwa, wayarsa ma babu. Batiri kuma ko fitila ba ya kunnawa. Motar nan sai da turi take tashi. Ga wani abu kuma: gilashin baya ya fashe, kuma daga ciki aka fasa shi. Akwai shatin gindin tukunyar gas a jikin ƙofar."

Sufeto ya juyo ga Mika. "Kai ɗan'uwa, ina ƙoƙarin fitar da kai rami, kana jawo ƙasa kanka. Mi ya sa ka yi mini ƙarya?"

Mika ya share fuska da yagaggiyar rigarsa. "Tsoro na ji kada a ƙwace motar, ita ce abincinmu. Ba na barin ta a giya, don in zan tashi, turi nake nema. Dutse nake sa mata a gaban taya. Wani baƙin dutse ne, na tsince shi a Tchirozérine, kullum yana cikin motar."

"Ka sa shi yau?"

"Na sa. Wannan kam ko a gaban bagadin coci zan faɗa."

"Wancan ma haka ka faɗe shi."

Aka mayar da shi ɗakin ajiya. In ba a sami wani abu ba, ranar Litinin sai gaban mai shari'a, daga can kuma kaso, wato kurkuku. Dorkas tana zaune a dakalin waje. Tukunyar tuwonta tana can cike, ba wanda ya sayi ko malmala tun da abin ya faru.

Daga nan Sufeto ya nufi likita. Inna Fadimata ta farfaɗo, an ɗaure mata ƙafa, 'ya'yanta maza biyu na tsaye a kanta fuska a murtuke. Hausarta irin ta mutanen duwatsun Ayar ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Sannu, Inna. Kin ga wanda ya tuƙo motar?"

"Ba mutum ciki, ɗana. Mota ya zo shi kaɗai."

"Kin ji kukan inji?"

"Babu kuka. Na ji bum, na ɗaga kai, sai ga shi ya taho shiru kamar raƙumi a rairayi."

"Ƙarar ta riga zuwan motar?"

"Ya riga."

Babban ɗan ya ce zafin ciwo ne ke sa ta sambatu. Tsohuwar ta harare shi. "Ƙafa ne ya karye, ba kai ba."

A hanya Mina ta ce, "To shef, in ba direba, ba inji, sai dai mu rubuta aljani."

"Ko kuwa ta gangaro da kanta. In haka ne, laifin dai na Mika ne, tunda ya bar mota ba birki."

Ya faɗa ne, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shi kuwa in zuciyarsa ta ƙi kwanciya, wuri ɗaya yake zuwa. Bayan la'asar ya ɗauki jakar ƙwallayensa ya nufi filin petank na tsohuwar unguwar ma'aikata.

Abokin wasansa na can yana jira, Mushe Amastan, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, mai koyar da fizik a lise, wato sakandare, siririn mutum mai baki kamar reza.

"Ga hukuma ta iso. Yau ma sai ka kama ni in kana son ka ci."

Suka fara. Hannun Sufeto ya ƙi daidaita, sai jifa yake barkatai. Da ƙyar ya samu ƙwallonsa ɗaya ya kwanta kusa da ɗan ƙaramin ƙwallon da ake nufa. Amastan ya ranƙwafa, ya auna da ido, ya saki nasa. Ƙarfe ya daki ƙarfe. Ƙwallon Sufeto ya yi tsalle ya tafi can bakin fili, na Amastan kuma ya tsaya cak a daidai gurbin da wancan ya bari.

Sau nawa Ahmudu ya ga irin wannan bugun? Ba iyaka. Amma ranar sai ya tsaya kamar an dasa shi.

"Mushe, sake yi."

"Ka ji daɗin wulaƙancin ne?"

"Sake dai."

Ya sake, aka sami daidai da na farko.

"Mi ya sa naka ya tsaya?"

"Ka yi fizik a lise kuwa?"

"Na zauna a ajin."

"An gani." Amastan ya ɗauki ƙwallo biyu, ɗaya a kowane hannu. "Nauyinsu ɗaya. Nawa ya taho da tafiya, naka yana zaune. Ita tafiya, wato nauyi a haɗe da gudu, ba ta ɓacewa in an yi karo. Hannu kawai take sakewa. Abin da ke akwai kafin karo, shi ke akwai bayan karo. Nawa ya miƙa wa naka duk abin da ya zo da shi, sai ya rasa na ci gaba."

"Mota za ta iya yin haka?"

Malamin ya daina murmushi. Labarin bayan kasuwa ya riga ya zaga gari. "Faɗa mini abin da ka gani."

Sufeto ya zayyana masa komai: inuwar da mutum biyu ke cewa tasu ce, matacciyar mota, ƙarar da ta riga zuwanta, gilashin da aka fasa daga ciki.

"Mu bi su ɗaya ɗaya," in ji Amastan. "Dokar Newton ta farko, wadda yarana ke haddacewa su manta: abin da ke tsaye ba ya motsawa sai wani ƙarfi ya tura shi, abin da ke tafiya kuma ba ya tsayawa sai an tare shi. In wurin nan ba gangara, motar Mika ba za ta tashi don ta ga dama ba, ko da birki ko babu. Tukunyar gas ma haka. Tana zaune a bayan mota abinta. In aka fizgi motar gaba farat ɗaya, ita ba ta san da tafiyar ba, sai ƙofar baya ta zo ta same ta."

"Ashe ba katanga ce ta fasa gilashin ba."

"Katanga gaba za ta jefa tukunyar, ba baya ba. Wannan daga baya aka daki motar."

"To farar motar, ta tsaya cak kamar ƙwallonka?"

"A nan sai mu yi hankali. Mota ba dunƙulen ƙarfe ba ce, lanƙwashewa take yi, galibi ma in sun haɗu tare suke ja gaba. Me ke bayan motar Mika?"

"Tayar safaya, a goye a ƙofa."

"Gaban farar fa?"

"Shingen ƙarfe."

"Ƙarfe a kan taya mai iska. Wannan kam zai yi tsalle. Nauyinsu kusan ɗaya, ta gaba ba birki ba giya, ta baya kuma mai ita ya taka birki a makare. Ta gaba za ta kwashe mafi yawan tafiyar. Ta baya ba za ta tsaya cak ba, za ta ɗan ƙara gaba kaɗan, kamar tsawon jikinta."

"Ta faɗa cikin inuwar."

"Ni dai malamin makaranta ne, ban ce kowa ya yi komai ba. Amma ka riƙe doka ta uku: in ka tura abu, shi ma yana turo ka daidai wa daida. Duk dukan da bayan motar Mika ya sha, hancin wata motar ya sha irinsa. Ka nemo hancin. Ka kuma tuna, mota ce ta tsaya, wanda ke cikinta ba a tambaye shi ba."

Sufeto ya kwashe ƙwallayensa.

"Wasan fa?" in ji Amastan.

"Ka ci."

"Wannan ai tun kafin ka zo."

Rana ba ta faɗi ba suka koma bayan kasuwa shi da Mina. Ya ajiye ƙwallon ƙarfe a kan katako a gindin bedi. Bai motsa ba. Ya matsa gaba ya sake ajiyewa, ya sake matsawa, har bakin katanga. Ko'ina ƙwallon zama ya yi kamar an liƙa shi. Ba gangara.

"Shef, zo ka gani."

Mina ce tsugune a tsakiyar inuwar, daidai inda cikin farar mota ya rufe ɗazu. Ga baƙin dutse ya nutse rabi a rairayi, da shatin taya a kansa. A bakin inuwar ta baya kuma ɓaraguzan gilashi ne suna ƙyalli.

"Gilashin Mika a nan ya zube, ba a katanga ba," in ji ta. "Wani abu ma yana cina tun ɗazu. Tun da na san Muktari, hula yake sawa, a karkace ma. Yaushe ya koma rawani?"

Washegari da hantsi suka same shi a layin masu walda. Farar motar na tsaye, hancinta tsirara. Shingen ƙarfen yana jingine a bango, mai walda na shirin hura masa wuta.

"Dakata, malam," in ji Sufeto. "Barka da hantsi, Muktari. Gyara ake?"

"Fenti kawai, ranka ya daɗe. Ya yi tsatsa."

"Fenti da wuta?"

Ya juyo da shingen. Tsakiyarsa ta lotsa ciki, ga baƙin zanen roba a kwance, har ƙirar taya ta fito.

"Jaki na buge a hanyar Dannet, kwanakin baya."

"Jakunan Dannet taya gare su?" in ji Mina. Mai walda ya juya baya yana tari.

Sufeto ya leƙa cikin motar. "Ina madubin tsakiya?"

"Ya daɗe da faɗuwa."

"Gindinsa sabuwar karaya ce. Jiya ka ce tun kafin kiran farko ka ajiye mota. A wane sahu ka yi salla?"

"Na gaba gaba."

"Wa ke damanka?"

Muktari ya kawar da kai, ya gyara rawaninsa.

Sufeto ya ciro baƙin dutsen daga jaka ya ajiye a kan hancin motar. "Wannan a ƙarƙashin motarka yake jiya, tare da gilashin Mika. Bari in ba ka labari, in na kuskure ka gyara. Wata mota tana tsaye a inuwa. Wata ta taho da gudu ta dake ta daga baya. Ta gaba ta haura dutse ta tafi ta sami Inna Fadimata. Ta baya ta gaji gurbinta ta zauna, kamar tun safe take nan. Mota ta tsaya, amma direba bai tsaya ba sai da goshinsa ya sami madubi. Don Allah ɗan ɗaga rawanin."

Muktari ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya warware rawanin da kansa. Ga tsagar nan a goshi, an danne ta da auduga.

"Makara na yi," in ji shi a hankali. "Daga Akokan na taho. Na shawo kwana idona na kan masallaci, ina duba ko an tayar. Na saba inuwar nan ba kowa ranar Juma'a. Kafin in juyo, ga mota a gabana. Da na farga na ga tawa a tsaye daidai, kamar ni na ajiye ta da hannuna, tasa kuma can a katanga. Ban ga mai kallona ba. Rawanin wani fasinja ne da ya manta a kujera, na naɗa, na shige sahun baya."

"Ka ga tsohuwar?"

"Na hangi ƙafarta." Ya dafa goshinsa. "Sallar nan ban san abin da na karanta ba. Da suka kama Mika na so in yi magana, sai na ga yadda suka yi masa, na ce ni ma haka za a yi mini. Jiya ko ruwa bai wuce mini ba. Yaya jikinta?"

"Za ta taka, in ji likita. Tashi mu je, ka maimaita wannan a komisariya."

Mina ta ciro ankwa. Muktari ya miƙa hannuwansa ba gardama. Suna tafe ya roƙi a bi da shi ta wajen Inna ya nemi gafara. Sufeto ya ce wannan sai ta yarda, za a tambaye ta.

Da azahar aka saki Mika. Kafin ya fita Sufeto ya tsayar da shi.

"Ba kai ka daki motar ba, amma da da birki, da ba ta kai katanga ba. Ka ji ni? Daga nan sai garaji. In na sake ganin dutsen nan a bakin aiki, ni da kai ne."

"Na ji, ranka ya daɗe. Zan kuma je in duba Inna."

Motar tana can bayan kasuwa inda aka bar ta. Labari ya riga su isa. Mutanen jiya suna nan a bakin rumfuna, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mika ya shiga ya zauna, ya murɗa makulli don sabo. Shiru. Dorkas ta ajiye ludayi ta ɗaura zane, za ta tura ita kaɗai.

Sai babban ɗan Inna Fadimata ya taso, ya naɗe hannun riga, ya dafa motar. Wanda ya yi maganar sahu ya biyo shi. Kafin a jima, ba sauran wurin sa hannu. Suka ja ta baya daga katanga, suka juya hancinta titi.

"Madam, koma wajen tukunyarki," in ji wani. "In mun gama, yunwa za mu ji."

Sufeto yana tsaye a inuwar bedi, sai ya ji murya a kafaɗarsa. Mushe Amastan ne, da kwandon cefane.

"Ka gani? Ba ta motsawa sai an tura."

"Na gani. Ajiye kwandon, Mushe, ka zo mu sa hannu."

Suka tura. Motar ta yi tari, ta yi jijjiga, ta kama.